Yaron da ya yi tsit a aji: ya natsu ne, ko tsoro yake ji?

Malamar aji ɗaya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ina son malamai da iyaye kowa ya tofa albarkacin bakinsa. Duk farkon zangon karatu, abu guda ake auna malamin ƙananan azuzuwa da shi, wato ko ajinsa ya yi tsit. In hedimasta ya gifta ta bakin taga bai ji ko tari ba, shi ke nan malama ta iya aiki. Ni kuwa shirun nan ne yake tayar mini da hankali. Yaro ɗan shekara 6 da aka rabo da uwarsa da safe, aka zaunar da shi cikin baƙin fuskoki, bai san inda banɗaki yake ba, bai san ko an yarda ya yi tambaya ba, in ya yi shiru ba lallai ne ya natsu ba. Wani fitsari ne ya matse shi yana jin tsoron ɗaga hannu. Wata kewar gida ce ta cika mata ciki. Abin da nake gani shi ne, kyakkyawan hali a aji koyar da shi ake yi, daki-daki, kamar yadda ake koyar da baƙi da wasali, kuma yaron da bai saki jiki ba ba zai ɗauki ko ɗaya ba. Ku malamai, yaya kuke yi da makonnin farko? Ku iyaye, me kuke gani idan yaran sun dawo gida?

Uwar 'yan biyu:
Wa alaikumus salam Malama. Wallahi kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Nawa su biyu rana ɗaya suka shiga, aji ɗaya, malama ɗaya. Namijin ya yi ta ihu a bakin ƙofa har kowa ya san da zamansa, aka yi ta lallashinsa, bai daɗe ba ya ware. Macen ba ta taɓa zubar da hawaye a makaranta ba, kullum yabonta ake yi wai tana da hankali. Amma da ta shigo gida sai ta fashe da kuka a kan abin da bai taka kara ya karya ba, ta koma fitsarin kwance da ta daɗe da bari, duk safiya kuma sai ta ce cikinta na ciwo. Wadda ake yabo ita ce ta fi shan wahala, kuma babu wanda ya lura a makaranta sai da na je na faɗa.

Tsohon hedimasta:
Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na yarda da rabin maganarki. Gaskiya ne hali koyar da shi ake yi. Sabon malami yakan shiga aji ranar farko ya fara darasi kai tsaye, sannan ya yi ta faɗa wai yara ba sa jin magana, alhali bai taɓa nuna musu abin da yake so ba. Yadda ake shiga layi, yadda ake aje jaka, yadda ake neman izinin fita, yadda ake karɓar littafi a miƙa wa na baya, duk wannan darasi ne mai zaman kansa. A nuna, yara su gwada, a gyara, gobe a sake. Amma inda na rabu da ku 'yan zamani shi ne batun tsoro. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ba ya shakkar kowa ba ya tarbiyyantuwa. Ban ce a jibgi yaro ba, amma bulala da ke ajiye a kan tebur, ko ba a ɗaga ta ba, tana da aikinta.

Malamin horar da malamai:
Baba, a gafarce ni in sa baki. Abin da kuka fara faɗa bincike ya tabbatar da shi tun tuni. A 1980, Emmer da Evertson da Anderson na Jami'ar Texas a Amurka sun wallafa sakamakon zaman da aka yi a azuzuwan aji uku tun daga ranar buɗe makaranta. Malaman da ajinsu ya fi tafiya daidai har ƙarshen shekara su ne waɗanda suka ɗauki lokaci a makonni 3 na farko suna koyar da dokoki da tsarin aji kamar darasi, suna bayani, suna gwadawa tare da yara, suna tunatarwa. Waɗanda suka karanta dokokin sau ɗaya suka wuce, su ne suka ƙare shekara suna fama.

Batun bulala kuwa, ina roƙon ku dubi wannan. A 2016 Elizabeth Gershoff da Andrew Grogan-Kaylor sun tattara bincike 75 da suka shafi yara sama da 160,000 a kan dukan da iyaye ke yi wa yara da tafin hannu, ba ma dukan kawo wuƙa ba. Ba su samu shaidar cewa yana gyara hali ba. Abin da suka samu yana tafiya tare da shi shi ne ƙarin faɗa, ƙarin taurin kai, da damuwa a zuciyar yaro. Duka yana tsayar da abin da yaro yake yi a wannan minti, shi ya sa mai duka yake ganin yana aiki. Sai dai bai gaya wa yaron abin da ya kamata ya yi a madadinsa ba, kuma da zarar mai bulalar ya juya baya, abin ya dawo. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 28, ta ce ladabtarwa a makaranta dole ta dace da mutuncin yaro.

Tsohon hedimasta:
Malam, mu da aka daka ga mu nan mun zama mutane.

Malamar aji ɗaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, babu mai musun kun zama mutane. Amma ku tuna benci nawa ne a ajinku na firamare ya zama wayam kafin ku kai aji shida. Waɗanda suka gudu saboda tsoron malamin lissafi ba sa cikin wannan zaure, ba za su zo su ba da nasu labarin ba. Kuma ni ba ina nufin a bar yara sakaka ba ne. Aji ba doka shi ma tsoro yake ba yaro, domin wanda ya fi ƙarfi ne zai mulke shi. Abin da nake so yaro ya ji game da ni shi ne: Malama ba ta canja magana, abin da ta ce jiya shi ne yau, kuma ba za ta kunyata ni ba. Da wannan kwarjinin nake riƙe aji.

Malamin aji huɗu:
Duk maganganun nan masu daɗi ne a kunne. Ni dai tambaya ɗaya gare ni. Wanda yake da yara sun cika aji maƙil, har wasu a ƙasa, ga manhaja ana jiran ya gama, ga jarabawa, ina ya ga lokacin da zai bi kowane yaro ya ji abin da ke damunsa? Binciken da Malam yake kawowa a azuzuwan da ba su kai rabin nawa ba aka yi shi. Kada a ɗora wa malami laifin abin da ya fi ƙarfinsa.

Malamin horar da malamai:
Gaskiyarka Malam, cunkoso matsala ce ta gaske kuma babu dabarar da za ta maye gurbin ƙarin malamai da ƙarin azuzuwa. Ba zan yi maka daɗin baki ba. Amma akwai abin da aka ƙirƙira musamman don aji mai hayaniya, kuma ba ya bukatar komai sai allo da alli. Ana kiransa Wasan Kyakkyawan Hali. An fara wallafa shi a 1969, aikin Harriet Barrish da Muriel Saunders da Montrose Wolf a jihar Kansas ta Amurka, kuma a aji huɗu irin naka aka fara gwada shi.

Ga yadda yake. Ka raba aji rukuni-rukuni, ka tabbatar ba ka tara masu ƙiriniya wuri guda ba. Ka rubuta dokoki kaɗan ƙwarai, misali a zauna a wurin zama, a ɗaga hannu kafin magana. Ka sanar cewa an fara wasa, na ɗan lokaci, kamar minti 10, ana cikin darasin da aka saba. Duk wanda ya karya doka, ka sa wa rukuninsa alama a allo, ka faɗi dokar da aka karya cikin sanyin murya, ka ci gaba da darasinka. Ba tsawa, ba wa'azi. In lokaci ya cika, duk rukunin da alamominsa ba su wuce adadin da aka yanke ba ya ci. Lura da wannan, dukkan rukunonin za su iya ci tare, ba gasar kayar da juna ba ce. Ladan kuma ƙaramin abu ne: su fara fita tara, ko su zaɓi waƙar da za a yi, ko a tafa musu. A hankali kake tsawaita lokacin, kana jinkirta ladan, har ya zama yara ba su san yaushe ake wasan ba.

Abin da ya sa nake ɗaukarsa da muhimmanci shi ne gwajin da Sheppard Kellam da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins suka fara a birnin Baltimore na Amurka a 1985, da yaran aji ɗaya da aji biyu. Sun bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21. Waɗanda aka yi wasan a ajinsu an samu ƙarancin shaye-shaye da shan taba da mugun hali a cikinsu, kuma bambancin ya fi fitowa a yara maza da suka shigo aji ɗaya suna faɗa da rashin ji. Wato waɗanda muke saurin yanke ƙauna a kansu su ne suka fi amfana.

Uwar 'yan biyu:
Malam, ni wannan wasa ya ɗan ba ni tsoro. Idan yaro ɗaya ne kullum yake jawo wa rukuninsa alama, ba za su tsane shi ba? Yara fa ba sa ɓoye haushi. Za su tare shi a waje.

Malamin horar da malamai:
Hajiya, tambayar na kan hanya, kuma hakan na faruwa in malami bai sa ido ba. Wani yaron ma da gangan yake karya dokar, don ya ga duk aji ya juyo kansa. Irin wannan akan cire shi na ɗan lokaci ya zama rukuni shi kaɗai, alamarsa ba ta shafi kowa ba, sannan a mayar da shi in ya daidaita. Kuma tsangwamar ɗan rukuni ita ma karya doka ce, tana jawo alama. Amma in yaro ya kasa ne, ba ƙi ya yi ba, to ba wasa ne maganinsa ba, sai a nemi dalili.

Ma'aikaciyar jinya:
Nan ne nake son shigowa, domin ina ta jiran a zo kan dalili. Kafin a kira yaro mara ji, a tabbatar yana ji ɗin. Ina nufin kunnensa. Ƙananan yara da yawa ruwa yakan taru musu a bayan dodon kunne bayan mura ko ciwon kunne, ba zafi, ba zazzaɓi, amma magana tana zo musu kamar daga nesa. Yaron yana zaune a bencin baya, malami ya ce a buɗe littafi, shi bai ji ba, sai a ce raini ne. Haka ido. Yaron da yake matse ido, ko yake tasowa daga wurinsa ya matso kusa da allo, ko yake kwafar na kusa da shi, sau da yawa allon ne ba ya gani. A dawo da shi gaba tukuna, a ce wa iyaye su kai shi a duba.

Sai barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka a 2016 ta ba da shawarar yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 ya samu barcin awa 9 zuwa 12 a kowace rana. Babba in bai yi barci ba hamma yake yi, amma yaro sau da yawa rawar kai yake yi, ya kasa zama, ya yi ta tsokana, abu kaɗan ya sa shi kuka. Iyaye ku lissafa daga lokacin da yaro yake kwanciya zuwa lokacin da ake tashinsa, musamman gidan da waya ko talabijin ke kai yara tsakar dare. Sannan yunwa, wadda ba ta bukatar bayani. Sannan motsa jiki: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yara daga shekara 5 zuwa 17 su samu aƙalla minti 60 a rana na wasan da zai sa su haki. Shi ya sa hana yaro fita tara a matsayin horo yake ba ni takaici. Yaron da ya kasa zama shi ne ya fi kowa bukatar ya fita ya yi gudu, sai a ɗaure shi a benci, a dawo darasi na gaba ya fi da muni.

Ciwon cikin da Hajiya ta ambata kuma na gaske ne, ba ƙarya yarinyar take yi ba. Damuwa a jikin yaro ta ciki da kai take fitowa.

Malamar aji ɗaya:
Allah ya saka da alheri, Anti. Bari in faɗi abin da nake yi a makon farko, ko wani zai ƙaru ko ya gyara mini. Ina tsayawa a bakin ƙofa in gaida kowane yaro da sunansa, kuma ina durƙusawa idona ya zo daidai nasa. Sunan da ake kiransa a gida nake tambaya, domin wani na rajista bai ma san nasa ba ne. Ranar farko kafin komai muna zagaya makaranta a layi: ga banɗaki, ga inda ake shan ruwa, ga ofis, ga inda za ka tsaya in an tashi har a zo ɗaukarka. Ina ba su alamar hannu ta neman fita banɗaki, ba sai yaro ya faɗa da baki aji ya yi dariya ba. A gefen allo ina zana jerin abin da za mu yi a ranar da hotuna, tunda ba su iya karatu ba, in mun gama ɗaya yaro ya zo ya goge. Mai kuka yana tambayar yaushe za a tashi, sai in nuna masa: saura wannan da wannan. Kukan yakan ragu da ya ga ranar tana da ƙarshe.

Ga iyaye kuma, roƙona ɗaya ne. Kada ku sulale ku gudu yaro bai sani ba. Ku yi masa sallama gajera, ku gaya masa wanda zai zo ɗaukarsa da lokacin, ku tafi, sannan ku cika alkawari. Wanda aka yi wa wayo aka gudu, gobe riƙe zani zai yi da hannu biyu. Kuma don Allah a daina yi wa yaro barazana da malami a gida, ana cewa bari in kai ka makaranta su zane ka. Kun riga kun mayar da ni dodo kafin ya ga fuskata.

Uban yara uku:
Malama wannan ta ƙarshen ta shafi gidaje da yawa. Ni abin da na lura da shi, tambayar “me aka koya muku yau?” ba ta fitar da komai, sai ka ji “ba komai”. Amma in na ce “da wa ka zauna?” ko “wa ya yi wasa da kai da tara?” sai labari ya ɓalle. A nan ne na gane ƙaramin nawa shi kaɗai yake tsayawa jikin bango har a koma aji. Karatunsa lafiya lau, babu malamin da ya taɓa kawo ƙararsa.

Malamin horar da malamai:
Alhaji, tambayar da kake yi ita ce daidai, domin abota da cin zali a filin wasa suke faruwa, inda idon malami bai cika kaiwa ba. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi 1 cikin 3 a duniya ya ce 'yan uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabata. Dan Olweus, wanda ya jagoranci wannan fanni a ƙasar Norwe, ya bambanta cin zali da faɗan yara na yau da kullum: ana maimaita shi, da niyyar cutarwa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko goyon baya. Saboda haka cewa “ku je ku shirya” ba ta wadatar ba, ba sa'o'in juna ba ne. Ware yaro a hana kowa wasa da shi ma cin zali ne, ko ba a taɓa jikinsa ba.

A Finlan, shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa da Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Turku, wanda aka baza a makarantun ƙasar daga 2009, ya mai da hankali ne kan 'yan kallo. Mai cin zali yana yi ne don masu dariya da masu tafi. In aka koya wa sauran yara su daina ba shi wannan ladan, su tsaya kusa da wanda ake zalunta, su sanar da babba, kasuwarsa ta mutu. Amma sai malami ya fayyace wa yara bambancin kai tsegumi don a hukunta wani da kai rahoto don a ceci wani, in ba haka ba kowa zai yi gum don kada a kira shi munafuki.

Tsohon hedimasta:
A nan ina tare da ku ɗari bisa ɗari. Kuma zan ƙara da wani abu da na gani da idona shekara da shekaru: ba wa monita bulala, ko ba shi takarda ya rubuta sunan masu surutu. Wannan lasisin zalunci ne. Yaro ne fa kamarsu, zai rubuta wanda ba ya so, ya kyale abokinsa. A ba yara aiki, amma aikin hidima: mai goge allo, mai raba littattafai, mai raka baƙon ɗalibi ya nuna masa wuri. Kuma a riƙa juyawa. Mafi ƙiriniyar yaro in ka ɗora masa amana a gaban jama'a, sau da yawa sai ka ga ya riƙe ta da gaske.

Malamar aji ɗaya:
Baba kun ga kun dawo layinmu.

Tsohon hedimasta:
Ban dawo duka ba, 'yata. Har yanzu ina cewa dole laifi ya zama yana da sakamako. Yaron da ya fasa wa wani baki ba za a tafa masa ba.

Malamar aji ɗaya:
Ko kusa, Baba. Sakamako dole ne, amma ya zama yana da alaƙa da laifin. Wanda ya zubar da shara ya share. Wanda ya yaga littafin wani ya liƙe shi, ya ba da haƙuri. Wanda ya yi duka a raba shi da wasan, ya zauna kusa da ni har ya huce, sannan mu yi magana mu biyu, ba a gaban aji ba: me ya faru, wa ya ji ciwo, me za ka yi ka gyara, gobe in ranka ya ɓaci me za ka yi maimakon duka. Lokacin da yaro yake tsakiyar fushi ba ya jin nasiha, ɓata baki ne kawai. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki bai gama nuna ba sai ya haura shekara 20, to ina ga ɗan shekara 6. Kama kunne da tsallen kwaɗo ba su da wata alaƙa da littafin da aka yaga, ba abin da yaro zai koya a ciki sai jin haushin malami. Abin da na fi ƙi duka shi ne laƙabi: daƙiƙi, shaiɗan, mara ji. Yaro yakan ɗauki sunan da babba ya raɗa masa ya yi ta ƙoƙarin cika shi.

Uwar 'yan biyu:
To yabo fa? Ni kullum ina ce musu masu ƙwaƙwalwa, don su ji ƙarfin gwiwa.

Malamin horar da malamai:
Niyyar mai kyau ce Hajiya, amma a ɗan karkata shi. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gwada yaran aji biyar. Bayan sun yi wani aiki, wasu aka ce musu lallai kuna da basira, wasu aka ce lallai kun yi ƙoƙari. Da aka kawo aiki mai wuya suka faɗi, waɗanda aka yaba wa basira sun fi saurin karaya, sun fi son a ba su mai sauƙi, kuma da aka dawo da irin aikin farko sun yi ƙasa da yadda suka yi da. Waɗanda aka yaba wa ƙoƙari sun dage. Saboda haka ki faɗi abin da kika gani da idonki: “na ga kin goge kin sake rubutawa har ya fito”, “na ga ka jira ƙanwarka ta gama magana”. Haka a aji. “Yawwa yaran kirki” ba ta koyar da komai. “Bencin nan sun buɗe littafi sun yi shiru suna jira” tana gaya wa sauran abin da ake so ba tare da an yi wa kowa tsawa ba.

Ga masu ganin duk wannan cin lokacin karatu ne, a 2011 Joseph Durlak da abokan aikinsa sun tattara shirye-shirye 213 na koyar da yara sarrafa fushi, zama da mutane da warware saɓani, waɗanda suka shafi ɗalibai sama da 270,000. Halayensu sun gyaru, damuwa ta ragu, kuma sakamakon karatunsu ya ɗaga da maki 11 a ma'aunin jerin ɗalibai 100. Akwai kuma binciken Bridget Hamre da Robert Pianta na 2001, da suka bi yara 179 daga ajin share fage har aji takwas. Yaran da dangantakarsu da malamin farko ta kasance ta rikici, an ci gaba da ganin tasirin abin a karatunsu da halinsu shekaru bayan sun bar hannunsa, musamman maza.

Malamin aji huɗu:
Na ji, kuma zan gwada wasan a darasin lissafi, tunda nan ne aji ya fi rikice mini. Amma ina nan kan bakana cewa malamin da kansa yake cikin matsi ba zai iya ba yara natsuwar da shi ba shi da ita ba. Duk wanda yake son walwalar ɗalibai ya fara duba nauyin da ke kan malaminsu. Ban da haka, yaran da suke zuwa aji huɗu sun riga sun saba da tsawa tun daga ƙasa. In na daina ni kaɗai, malamin da zai shigo bayana ya zo da bulala, me na gyara?

Tsohon hedimasta:
Wannan aikin shugaban makaranta ne, ba naka kai kaɗai ba. Doka 3 ko 4, iri ɗaya daga aji ɗaya har aji shida, kowane malami da mai gadi da mai shara su san su, a gaya wa iyaye tun ranar rajista. Ka kai maganar taron malamai. In ba a karɓa ba a karon farko, ka nemi malami ɗaya da kuke shiga aji guda ku fara ku biyu.

Ma'aikaciyar jinya:
A ƙara da wannan a taron: yaron da ya canja farat ɗaya, mai surutu ya koma shiru, ko mai haƙuri ya koma faɗa, ko yake firgita in an ɗaga hannu kusa da shi, ko yake ƙin komawa gida in an tashi, a san wanda za a sanar a makarantar, kuma a rubuta abin da aka gani da ranar. Haka in makonni sun shuɗe yaro yana ta kuka, ba ya magana da kowa, ba ya wasa, kada a ce zai saba. A zauna da iyaye, in ta kama a tura su wajen likita.

Malamin aji huɗu:
Malam, rukuni nawa zan raba su, tunda suna da yawa? Kuma alama nawa zan yanke?

Malamin horar da malamai:
Bi layukan benci yadda suke, kowane layi rukuni, don kada ka ɓata lokaci wajen tashin yara. In ka ga masu ƙiriniya sun taru a layi ɗaya, ka sauya wa biyu ko uku wuri tun kafin ranar. A gwajin Baltimore alama 4 ce iyaka, wanda bai wuce ta ba ya ci. Kai ka fara ƙirga yawan karya dokar da ake yi cikin minti 10 ba tare da sun sani ba, sannan ka sa iyakar inda za su iya kaiwa, domin ya kamata su ci a ranar farko. In an saba sai ka riƙa ragewa.